Na sayi faifan Blue Note a matsayin bugun farko, amma babu “kunne” a jikinsa. An cuce ni ne?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman wanda ya san kan faya-fayan Blue Note, kamfanin kiɗan jaz na Amurka, ya fitar da ni daga duhu, don tun ranar Asabar abin nan ke cin raina.

Shekarata goma sha ɗaya a Manchesta, aikin dare nake yi a wani asibiti, kuma ban wuce shekara uku da fara tara faifai ba. Ranar Asabar da na tashi aiki ƙarfe takwas na safe, ko gida ban leƙa ba na zarce wata kasuwar faifai da ake ci a wani zaure sau ɗaya a wata. Teburi ya kai talatin, kowanne da akwatuna sama da ƙasa, ƙanshin tsohon kwali ya cika wurin. A ƙarƙashin teburin wani dattijo na durƙusa ina jan kwalaye ɗaya bayan ɗaya, a akwati na uku sai ga The African Beat na makaɗin ganga Art Blakey, lamba 4097, mono, wato mai sauti ta hanya ɗaya, ba sitiriyo ba. Wallahi sai da hannuna ya yi rawa.

Bari in faɗi dalili, don ku gane abin da ya sa ban tsaya dogon bincike ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wannan faifan a gidanmu na Samaru. Rediyogiram ɗinsa na katako yana falo, lulluɓe da ƙyallen da mahaifiyata ta saƙa, ba mai taɓa shi sai shi. Ran Lahadi da hantsi, in ya gama wanke babur, sai ya zaro faifan, ya hure shi, ya goge da hannun riga, ya ɗora sule a kan allurar don kada ta yi tsalle. Ganguna su fara, ni ina kan tabarma ina jiran inda kalangu zai shigo. Da ya rasu aka kwashe faya-fayan aka zuba a ɗakin ajiya mai rufin kwano. Bazara uku kawai suka yi a ciki. Da na je na tarar sun lanƙwashe kamar busasshiyar fata, gara kuma ta gama da kwalayen. Tun ranar da na sayi na'urar faifai a ƙasar nan, wannan ɗin nake nema.

Dattijon ya ce bugun farko ne, na 1962, ya sa masa fam 180. Na taya 130 ya girgiza kai, ciniki ya faɗa a 150. Na duba iya abin da na sani. Tambarin shuɗi da fari ne, an rubuta “New York USA”, babu sunan Liberty, kamfanin da ya sayi Blue Note daga baya, ko'ina. A ɗan filin nan da babu kiɗa, tsakanin inda allura ke ƙarewa da tambari, ga hatimin Van Gelder, injiniyan da ya ɗauki sautin, a fuska biyun. Kwalin mai kauri ne, kusurwa ɗaya ce kawai ta ɗan daku. Na biya na fito kamar wanda aka yi wa bushara.

Da dare a wurin aiki na nuna wa wani abokin aikina ɗan Jamaika hoton a waya, shi ya daɗe a harkar. Bai ko yaba ba, ya ce, “Akwai kunne?” Na ce wane kunne? Ya ce duk Blue Note na asali na wancan zamanin yana da wata 'yar alama mai kama da kunnen mutum a wancan filin, in babu ita to ba na asali ba ne. Da gari ya waye na kunna fitilar tebur, na karkata faifan ta nan, na karkata ta can, na haska da tocilan waya. Babu kunne, gaba da baya.

To jabu aka sayar min? In mayar masa wata mai zuwa? Sannan ga abin da ya fi damuna. Ranar Asabar da na sa faifan, kafin in san da maganar kunnen nan, sai da na yi hawaye, don ganguna sun fito kamar a ɗakin ake kaɗa su. Jiya na sake sa shi sai na ji kamar ya rage armashi. Faifan bai canza ba, allurar ba ta canza ba. Ban san wanne ne gaskiya ba, abin da na ji ranar Asabar ko abin da na ji jiya.

Mai Allura:

Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, ba jabu ka saya ba. Amma in da gaske babu kunnen, to ba bugun 1962 ba ne.

Abin da ake ce wa kunne, harafin P ne a lanƙwashe, alamar masana'antar Plastylite da ke New Jersey, wadda ita ke matsa wa Blue Note faya-fayanta har zuwa 1966. Alfred Lion ya kafa Blue Note a 1939, ya sayar wa Liberty a tsakiyar shekarun 1960, ya ajiye aiki a 1967. Sababbin masu gida suka ɗauke aikin daga Plastylite suka kai wasu wurare. Sai dai sun gaji sito cike da tambura da kwalayen da aka riga aka buga, kuma ba ɗan kasuwan da zai zubar da takardar da aka biya kuɗinta. Suka ci gaba da manna tsofaffin tamburan nan na “New York USA” a kan sabon bugu har suka ƙare. Naka daga cikin waɗannan yake. Sababbin shiga da yawa a nan suke faɗawa, don tambari yana cewa abu ɗaya, roba tana cewa wani.

Yanzu ga inda za ka ji sanyi. Rudy Van Gelder ne ya ɗauki sautin faifan nan a ɗakinsa na Englewood Cliffs a watan Janairun 1962, kuma shi da hannunsa ya yanka uwar faifan. Daga uwar nan ake fitar da ƙarfen da ke matsa roba. Hatiminsa a jikin uwar yake, saboda haka duk faifan da ka ga hatimin a jikinsa daga yankansa ya fito. Kunnen kuwa a masana'anta ake ƙara shi. Wato hannun da ya yanka na 1962 shi ya yanka naka, injin da ya matsa ne ya bambanta. Na taɓa jera biyu na wani faifan Horace Silver, mai kunne da marar kunne, na yini ina musanya su. Mai kunnen ya fi nauyi a hannu. A sauti kuwa, da za a rufe min ido ba zan rantse ba. A kuɗi ne tazarar take, don marar kunne sau da yawa rabin kuɗin mai kunne ake sayar da shi, wani lokacin ma bai kai ba.

Yi min abu ɗaya. Zaro farar takardar ciki da faifan ke kwance a cikinta. Blue Note kan buga hotunan sauran faya-fayanta a jiki, kuma a shekarun nan tana rubuta yawan shekarunta da kafuwa. In ka ga 27, to 1939 da 27 ya ba ka 1966. Ba hujja ce yankakkiya ba, don takardar ciki tana yawo daga kwali zuwa kwali, amma in ta haɗu da rashin kunne magana ta ƙare.

Don gaba, riƙe jerin adireshin da ke kan tambari: Lexington ne mafi tsufa, sai West 63rd, sai New York USA, sai Division of Liberty. Adireshin dole ya dace da shekarar da faifan ya fito. Kuma kada ka ƙara zuwa kasuwa ba 'yar tocila a aljihu.

Bakano a Leeds:

Ni dai ban ga abin dogon bayani ba. Mutum ya ce maka bugun farko ne, ka biya kuɗin bugun farko, ya tabbata ba shi ba ne. Ko sautin ya fi zuma daɗi, ciniki bai inganta ba. Wanda ya shekara talatin yana sayar da faifai ba zai ce bai san kunne ba. Ka koma masa da fitilarka, cikin mutunci, ko ya karɓi kayansa ko ya rage maka. Fam 150 ba a ƙasa kake tsintar ta ba, dare kake raba ido a kanta.

Ɗan Samaru:

Mai Allura, Allah ya saka da alheri. Na zaro takardar. 27 ce, ɓaro-ɓaro, kuma cikin hotunan da ke jiki akwai faya-fayan da lambarsu ta wuce 4200. Ka gama min da tambaya ta farko. Bakano, na ji, kuma zan koma masa. Amma ta ukun tana nan daram.

Tsohon Ɗalibi:

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Ni ba mai tara faifai ba ne, jikana ne ya nuna min rubutunka don ya ga Samaru a sunanka. Ban san kunne ba, ban san hatimi ba. Amma juya kwalin nan ka karanta sunayen makaɗan, za ka ga Yusef Lateef. Shi ke busa sarewa da saksofon a ciki, da wani abin busa mai siririyar murya irin ta algaita, har da ƙahon saniya.

Mutumin nan a Zariya ya zauna, daga 1981 zuwa 1985, a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ina ɗalibi a lokacin. Dogo ne, mai natsuwa, Musulmi tun yana saurayi, a Detroit ya tashi. Mu a wurinmu wani baƙon malami ne daga Amurka da ke bincike a kan sarewar Fulani, yana zama da makaɗa da 'yan rawar cibiyar. Ba mu san cewa mutumin da muke wucewa a hanya ya yi kiɗa da manyan makaɗa irin su Dizzy Gillespie da Cannonball Adderley ba. Sai bayan shekaru na gane wanda muka yi maƙwabtaka da shi. Ko kalmar jaz ɗin nan da kuke ta faɗa, shi bai yarda da ita a kan kiɗansa ba.

A 1983 ya yi faifai biyu a ƙasar nan. Ɗaya a Legas aka ɗauka da makaɗan gida, shi ne In Nigeria, wanda daga baya ya fito a Amurka. Ɗayan sunansa Hikima, cibiyar ce da kanta ta fitar. Na mallaki Hikima. Da na tashi ƙaura zuwa Kaduna na bar shi cikin kwali a gidan wani ɗan'uwa, ban ƙara waiwayarsa ba, kuma na san ƙarshensa bai wuce irin na faya-fayan mahaifinka ba. Yanzu jikana yana gaya min Turawa da Japanawa na nemansa ruwa a jallo, har an sake buga shi a waje. Abin da aka yi a ƙofar gidanmu, da sunan Hausa a goshinsa, sai mun aika ƙetare a sayo mana.

Akwai kuma Solomon Ilori a faifan naka, Bayarabe ne da ya je Amurka, shi ke kalangun da kake jira kana yaro, shi ke waƙa. Blue Note ta ba shi faifan kansa a 1963. Art Blakey ɗin ma ya taɓa zuwa Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, ya musulunta, ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina. Ina jin mahaifinka ya san duk wannan. Zai yiwu ma ya sha yin sahu ɗaya da Lateef a masallaci, tunda gari ɗaya suke.

Game da tambayarka ta uku, abin da ka ji ranar Asabar shi ne gaskiya. Jiya ba faifan kake saurare ba, maganar abokinka kake saurare.

Direban Wigan:

Maƙwabci, sannu. Ni a Wigan nake tuƙin tasi, tsakaninmu bai kai tafiyar awa ba, kuma ni ɓangaren sol na faɗa, wato waƙoƙin soul na baƙaƙen Amurka, ba jaz ba. Wani dattijon Bature abokin aikina ne ya ja ni wani daren rawa shekaru shida da suka wuce, na ga tsofaffi masu furfura suna juyi a kan katako kamar 'yan ashirin, daga nan na kamu. Bari in ba ka labarin namu, ka ga cewa ciwonka mai sauƙi ne.

Abin da suke kira Northern Soul, wato sol ɗin arewacin Ingila, gaba ɗayansa a kan faya-fayan da suka faɗi a kasuwa aka gina shi. Ƙananan faifai ne masu gudu 45, da ƙananan kamfanonin baƙaƙen fata suka buga a Detroit da Chicago da Los Angeles a shekarun 1960, suna son su yi irin na babban kamfanin Motown, ba su samu shiga rediyo ba, aka jibge su a sito. Yaran masana'antu na nan arewa suka ce su waɗannan suke so, masu saurin bugu. Masu sa faifai suka riƙa tafiya Amurka suna tonon sito. Wigan Casino, zauren rawa na garin nan, ta fara kwanan rawa a watan Satumban 1973, ta rufe a 1981, ana rawa har takwas na safe ba a sayar da giya. Mai sa faifai in ya samo wanda ba kowa ke da shi ba, sai ya manna farar takarda a kan tambarin, ya laƙaba masa sunan ƙarya, don kada abokan hamayya su gano su nemo nasu. Mutane sun shekara suna rawa da waƙar da ba su san sunan mai ita na gaskiya ba.

Sarkin su duka shi ne faifan Frank Wilson na 1965, a ƙarƙashin Motown. Berry Gordy, mai kamfanin, ya ce masa ya zaɓa, ko waƙa ko tsara wa wasu, ya zaɓi tsarawa, aka lalata abin da aka buga. Ƙwaya biyu aka sani sun tsira. Da ɗaya ta ɓullo a shekarun 1970, sai aka kwafe ta aka watsa da sunan Eddie Foster, jama'a suka haukace a kanta a Wigan. A 2009 aka sayar da ɗaya fam 25,742. Ita wannan waƙar, Tamla Motown ta fitar da ita a Ingila tun 1979, yau kuma ko a waya za ka ji ta kyauta. Ka ga wanda ya biya wancan kuɗin ba waƙa ya saya ba. Haka faya-fayan kamfanin Shrine na Washington, waɗanda ragowarsu ta ƙone a tarzomar 1968. Gobara ce ta sa musu tsada.

Har yau akwai wuraren rawa a nan da doka ce, ba a sa faifai sai na asali. Ka zo da sabon bugu, ko sautinsa ya fi, za a ce ka sauka. Na yi musu a kan wannan har muryata ta dushe, kuma ka san wani abu? Yanzu na fahimce su. Dokar ce ke tilasta wa mai sa faifai ya yi tono, ya kawo abin da ba a taɓa ji ba. In aka ce kowa ya sa abin da ya ga dama, waƙa ɗari ɗin nan da kowa ya sani za a yi ta maimaitawa. Amma wannan doka ce ta filin rawa. Kai a ɗakinka kake, kai da mahaifinka.

Uwar Biyu:

Yayana Ɗan Samaru, Allah ya jiƙan Baba. Ni a Philadelphia nake, kuma akwai abin da ke ƙona min rai duk lokacin da aka fara lissafin kuɗin nan.

Faifan Blue Note da masu tarawa suka fi yi wa rububi shi ne lamba 1568 na Hank Mobley, mai busa saksofon. Dubban daloli ake zubawa a kan ƙwaya ɗaya, har ana musu a kan ko fuska ɗaya ta tambarin tana da “New York 23”. Shi Mobley a garin nan ya rasu a 1986, yana da shekara 55, huhunsa ya lalace har busa ta gagare shi, ba shi da komai. Tina Brooks faifai ɗaya tak aka fitar da sunansa yana raye, True Blue, a 1960. Sauran da ya ɗauka aka kulle a ma'ajiya, ya rasu a 1974 ba wanda ya damu, sai daga baya aka fara fito da su a Japan. Yau True Blue na asali sai mai hannu da shuni. In faifai ya tashi daga hannun wani attajiri zuwa hannun wani, ko kwabo ba ya shiga gidan wanda ya busa ƙahon.

Shi ya sa ni sabon bugu nake saya, ba na jin kunya. Jerin Tone Poet da Blue Note ta fara a 2019 daga ainihin kaset ɗin ɗauka ake yanka shi, robar shiru, ba ƙas-ƙas, kuɗinsa kuma bai kai cefanen sati ba. Tagwayena suna sa shi da hannunsu ban tsaya a kansu ina zare ido ba. Faifan da za ka ji tsoron ɗora wa allura, me ya rage masa?

Mai Allura:

Hajiya, maganarki a kan Mobley gaskiya ce mai ɗaci, ba ni da ta cewa. Amma kada a yi wa masu tono kuɗin goro. Da ba don mutanen da suka nace suna tambaya ba, da kaset ɗin Tina Brooks har yau yana kulle. Masu tarawa a Japan ne suka riƙe Blue Note a shekarun da Amurka ta juya mata baya, kamfanonin King da Toshiba suka yi ta sake bugawa da kyau. Kuma akwai faya-fayan da kaset ɗinsu ya ɓace ko ya lalace, in an tashi sake fitar da su sai an je an aro tsohon faifai a hannun wani da ya adana shi shekara hamsin a tsaye, a inuwa. Irin Hikima da Baba ya ambata, da kowa ya bar nasa a kwali, da wa zai san an yi shi? Ni abin da na ƙi shi ne mai saye ya kulle, bai ji ba, bai bari an ji ba.

Malam Ɗan Samaru, tunda mono ne, in na'urarka tana da maɓallin mono danna shi, ƙas-ƙas ɗin zai ragu sosai. Ka wanke shi da tataccen ruwa da burushi mai laushi, ba ruwan famfo ba. Sule kuma, don Allah, a bar shi a aljihu. Nauyin nan shi ke cinye layin faifai.

Ɗan Samaru:

Jama'a, na gode ƙwarai, kuma ku yi haƙuri da shiruna, jira nake kasuwar ta sake ci.

Na koma jiya da faifan da 'yar tocila. Dattijon ya sa tabarau, ya karkata shi a ƙarƙashin haske ya daɗe yana dubawa, ya zaro takardar ciki ya ga 27 ɗin. Bai yi musu ba. Ya ce cikin kayan wani mamaci ya saye shi, ya ga tambari da hatimi bai ƙara dubawa ba. Ko haka ne ko ba haka ba, Allah ya sani, ni dai ban ga alamar rashin gaskiya a fuskarsa ba. Ya ce in zaɓa, ko ya mayar min da kuɗina duka, ko ya rage min fam 60. Bakano, ka ga shawararka ta yi rana. Na tsaya riƙe da kwalin, ya miƙo hannu zai karɓa, sai na ji ba zan iya sakinsa ba. Na karɓi fam 60.

Baba Tsohon Ɗalibi, ranka ya daɗe, na karanta rubutunka ya fi sau biyar. A Samaru aka haife ni, ina firamare lokacin da Lateef yake garin, amma ban taɓa sani ba sai daga bakinka. Daren jiya na wanke faifan yadda Mai Allura ya ce, na danna mono, na kashe fitila, na bi busar nan ita kaɗai tun daga farko har ƙarshe. Abin da na ji ranar Asabar ta farko ya dawo, har ya fi. Na kira mahaifiyata a WhatsApp, na kusantar da wayar ga lasifika ban ce mata komai ba. Ta yi shiru, can ta ce, “Wannan ai kiɗan Malam ne na ran Lahadi.” Na tambaye ta ko ya taɓa ambatar wani Ba'amurke mai busa a jami'a. Ta ce ta tuna akwai ranar da ya dawo da yamma yana ta zumuɗi, ya ɗauki wani kwali ya fita da shi a kan babur, amma ba ta san wurin wa ya kai ba.

Yaya Uwar Biyu, na yi odar Mobley ɗaya a sabon bugu saboda maganarki, da kuɗin da aka rage min. Direba, in akwai daren rawa a watan gobe da ya faɗo ranar hutuna, sanar da ni, ina son in ga tsofaffin nan da idona.

Na sa ƙanena ya buɗe ɗakin ajiyar. Ya ce lanƙwasassun faya-fayan suna nan a cikin wani buhu, ya kuma samo mai tambari shuɗi da fari guda ɗaya. Ya turo hoto, amma ƙura ta toshe filin, ba a ganin komai. Na ce kada ya goge da komai, ya sa shi a leda ya kai ɗakin Hajiya. A Disamba zan je gida, in Allah ya kai mu, da tocilata da burushina. Baba, in ka yarda zan biyo ta Kaduna in gaishe ka, kuma ka kwatanta min gidan ɗan'uwan nan naka, ko kwalin yana nan.